Mutum-mutumin da Baba Ya Jira

Shekarar da na dawo gida daga hidimar ƙasa, Baba ya dasa shinkafar rani a gonarsa ta bakin kanal, ni kuma na fara haɗa wani abu a shagona, ɗakina na ƙofar gida, wanda har yau ban sami sunan da ya dace da shi ba.

Ƙauyenmu yana tsakanin Kura da Bunkure. Injiniyancin noma na karanta, shi ya sa mutanen gari suke ce mini Injiniya, ko da yake a ƙa'ida ban kai a kira ni haka ba tukuna. Na yi wa mutum biyu ko uku wannan bayani, suka ce to, Injiniya. Aiki kuwa ina ta nema. Tsakanin wannan nema da wancan akwai lokaci mai yawa.

Tun a jami'a wani abokin ɗakina ya nuna mini katun ɗin Japan inda ake yaƙi da wasu manyan injuna masu siffar mutum. Ba su da rai. Matuƙi ne yake shiga ƙirjinsu ya zauna, kamar yadda direba yake zama a katafila. Daga baya na gano ana sayar da ƙananan kwafinsu gunduwa-gunduwa, an zuba su da wata roba mai tauri da ake kira rezin, wanda ya saya shi zai haɗa, ya sa gaɓoɓi, ya yi fenti. Na daɗe ina kallon hotunansu a waya kafin na yi oda, bayan na yi odar kuma na daɗe ina tunanin ko da ban yi ba. Kwalin ya iso ta hannun wani direban motar haya, ya ajiye mini shi wajen mai shayi a Kura.

Guntayen kalar alewar madara ne, suna da yawa, wasu ba su kai ƙwayar wake ba. Aikin farko wanki ne, domin suna zuwa da maiƙon mazubi, fenti kuma ba ya kama maiƙo. Na zuba su a kwano da ruwan ɗumi da garin sabulu, ina goge su ɗaya bayan ɗaya da tsohon buroshin haƙori, ina shanyawa a faifai. Ina cikin haka taubashina ya ɗaga labule ya shigo ba sallama. Ɗan Gwaggo ne, ƙanwar Baba, sa'ana, yana dakon shinkafa a babur zuwa wajen masu casa. Tun muna yara kowa a cikinmu yake cewa ɗayan bawansa ne.

Ya leƙa faifan ya ce, "Injiniya, haƙoran wa ka samo?"

Na nuna masa hoton da ke jikin kwalin, na yi masa bayani tsakani da Allah. Ya saurara har ƙarshe, abin da ba halinsa ba ne.

"Wato 'yar tsana."

"Ba 'yar tsana ba ce."

"'Yar tsana mai bindiga. Allah ya sa Kawu bai sayar da saniyarsa a banza ba."

Ya kamata in faɗi yadda muke da Baba. Ni ne ɗan farinsa, a gidanmu kuma ana kunyar ɗan fari sosai. Baba bai taɓa kiran sunana ba. Ba ya shiga ɗakina, ba ya kallon fuskata in muna magana, maganar ma ba ta wuce jimla biyu ko uku. In yana son ya gaya mini wani abu, yakan gaya wa bango, ko rediyonsa, ko taubashina, ni kuma ina tsugune a gefe ina ji. Ba ƙiyayya ba ce. Shi ya sayar da saniyar da taubashina yake magana a kai don ya biya kuɗin karatuna, bai kuma taɓa ambata ta ba.

Ranar da na fara fesa fentin share fage, warin ya kai zaure. Baba yana zaune yana ɗaure tiyon injin ban ruwa da roba. Na zo wucewa, na tsuguna na gaishe shi.

Ya ce da tiyon, "Gidan nan kwana biyu sai ka ce garejin masu fentin mota. Ko me ake yi a shagon can, oho."

Na tsaya neman kalma. 'Yar tsana ba ta faɗuwa a bakin mai digiri. Abin wasa ma haka. Gunki kuwa, Allah ya tsare, na riga na kwana biyu ina tuhumar kaina a kan wannan kafin na tsaya a kan cewa abin hawa ne mai hannuwa. Sai na tuna kalmar da masu labarai a rediyo suke amfani da ita in suna maganar injunan Japan masu tafiya da ƙafa.

"Mutum-mutumi ne nake haɗawa, Baba."

Hannunsa ya tsaya a kan tiyon.

"Mutum-mutumi. Na zamani ke nan."

"Eh to, ana iya cewa na zamani ne."

"Yana motsi?"

"Hannuwansa da ƙafafunsa za su riƙa motsi, in gaɓoɓin sun zauna daidai."

"Zai yi girma?"

A nan na yi tunanin a kan ainihin injin yake tambaya, wanda ke cikin katun ɗin. Na ce, "A asalinsa dai ya kai tsayin giginya. Amma wannan bai kai haka ba."

"Madalla," in ji Baba. "Allah ya yi albarka."

Na tashi da farin ciki. Ban taɓa hira mai tsawon wannan da shi ba, kuma duk abin da na faɗa gaskiya ne. Na koma shago na duba maganganun ɗaya bayan ɗaya, ban sami ƙarya ko ɗaya ba. Abin da bai zo mini a rai ba shi ne, a wurin manomin shinkafa mutum-mutumi abu ɗaya ne tak: tsohuwar riga a jikin sanda, da hula, a tsakiyar gona, don tsuntsu ya ji tsoro.

Makonnin da suka biyo baya na yi su a kan gaɓoɓi. Rezin ba ya son gaggawa. Ƙafar hagu ta zo a karkace, sai da na tsoma ta a ruwan zafi har ta yi laushi, na miƙar da ita da yatsa, na tsoma a ruwan randa ta daskare. Na yi haka sau da dama saboda duk lokacin da na ɗaga ta wajen taga sai in ga kamar har yanzu da saura. Akwai ƙananan ramuka da iska ta bari lokacin zubi, waɗannan na cike su da fila da na roƙo wajen wani mai fentin mota a Kura. Gugar samfefa kuma a cikin kwanon ruwa nake yi, domin na karanta cewa garin rezin yana illa ga huhu. Duk da haka ina sa takunkumi, ko da ruwan bai isa ba.

Kowace gaɓa sai an huda ta da siririn abin huji da ake murzawa da yatsu, a sa guntuwar waya, sannan a zaunar da ɗan ƙwallon roba da zai riƙa juyawa. In ramin ya yi faɗi, hannu ya riƙa faɗuwa kamar na mai gyangyaɗi. In ya matse, rezin ya tsage. Gwiwar dama ta yi sako-sako, na shafa wa ƙwallonta gam siriri na bar shi ya bushe, na gwada, na ƙara. Ranar da ya tsaya da ƙafafunsa a kan tebur ba tare da na riƙe shi ba, na zauna ina kallonsa har aka kira la'asar. Tsayinsa bai wuce kwalbar lemo ba.

A wannan lokacin na lura mutane sun ƙara gaishe ni. Wani maƙwabcin gonarmu ya tare ni a bakin masallaci ya ce yaya aiki, na ce ana nema. Ya ce a'a, wancan aikin, na cikin shago. Na ce yana tafiya a hankali. Ya ce in an gama na Alhaji, wato Baba, a tuna da su. Na ɗauka ba'a ce irin ta manya, na yi murmushi.

Taubashina ne ya warware mini, yana kwance a katifata yana cin gyaɗata.

"Kawu fa ya sallami mai korar tsuntsu."

Akwai wani dattijo daga rugar da ke bayan kanal, shi yake tsare mana gona duk shekara daga lokacin da shinkafa ta fitar da kai har a yanke ta.

Na ce, "Me ya yi?"

"Bai yi komai ba. Kawu ya ce masa bana ya huta, gidansa an haɗa mutum-mutumin zamani mai ɗaga hannu. Har dattijon ya kama gonar wasu can wajen Bunkure." Ya jefa gyaɗa a baki. "Ni kuma da aka tambaye ni ko yana da bindiga, na ce yana da ita. Ƙarya na yi?"

"Kai ka san girmansa! Me ya hana ka faɗa?"

"Ni bawa ne, ina ruwana da maganar iyayen giji? Ai kai ne Injiniya."

Wanda bai taɓa ganin jan-baki a gonar shinkafa ba zai ɗauka ƙaramar magana ce. Tsuntsu ne da bai kai babban yatsa biyu ba, amma ba ya zuwa shi kaɗai. In ƙwayar shinkafa ta yi madara, kafin ta yi tauri, sukan sauka kamar hayaƙi su tsotse ta, su bar zangarniya tsaye fara fat ba komai a ciki. Gonar da ba mai tsaro, kwana kaɗan ya ishe su. Shinkafar nan kuwa ita ce abincin gidanmu har kaka, a cikinta kuma ake cire iri. A lokacin ta riga ta yi ciki. Masu korar tsuntsu na kirki duk an kama su.

Washegari na tsuguna a zaure na ce, "Baba, game da mutum-mutumin nan, ina ganin akwai yiwuwar ba lallai ne ya yi irin aikin da wataƙila ake zato ba."

Baba ya ce da rediyonsa, "Mai ilmi ba ya yabon kansa. Haka ake so."

Bayan kwana biyu na sake gwadawa. "Baba, ƙarami ne fa. Ƙarami sosai."

"Wayar hannu ma ƙarama ce," in ji shi, "ga shi ana jin Makka da ita."

Na roƙi taubashina ya faɗa masa, tunda shi suna hira har da dariya. Ya ce sai na fara yarda a gaban mutane cewa ni ne bawan. Na ce zan yi tunani. Na yi tunanin ƙera na gasken ma, mai hannu da ruwan kanal zai riƙa juyawa, amma ba kullum ake sakin ruwa ba, kuma abu irin wannan yana buƙatar gwaji, shinkafa kuwa ba za ta jira gwaji ba.

Abin da na yi a maimakon haka shi ne na ci gaba da fenti. Hujjata a lokacin ita ce, in dai dole sai Baba ya gan shi, gara ya gan shi a gamme. Ban ce hujja ce mai ƙarfi ba. Na yi masa kore mai duhu, kafaɗu fari, da ɗan ja a ƙirji inda matuƙi yake shiga. Da sassafe nake fesawa, domin in rana ta ɗaga fentin yakan bushe a iska kafin ya sauka, ya yi gurza-gurza. Matsalar safiya kuma ƙananan ƙwarin da ke tasowa daga fangalin shinkafa. Ɗaya ya sauka a kafaɗar hagu fentin yana ɗanye, ya mutu a wurin da fikafikansa a buɗe. Na goge kafaɗar na sake. Wani ya sauka a ta dama. Daga nan na riƙa kife kwalla a kansa da zarar na fesa.

Ranar da na ja layin ƙarshe da siririn buroshi, a ranar aka ga garken jan-baki na farko ya bi ta kan gonakin yamma. Baba ya ce da bangon zaure gobe da safe za a kafa mutum-mutumin.

Na iso gona rana ba ta gama fitowa ba, da kwali a hammata. Baba yana tsaye a kan kunya, da taubashina, da maƙwabta biyu. A tsakiyar gona an kafa wata doguwar azara, an turke ta da duwatsu. A bakin hanya kuma ga amalanke, taubashina ya gaya mini Baba ne ya sa a kawo ko za a buƙaci ɗauko shi daga gida.

Ɗaya daga cikin maƙwabtan ya dubi kwalin ya dubi bayana. "Injiniya, sauran yana tafe?"

Na tsuguna na buɗe kwalin, na zare tsumman da na naɗe shi, na tsayar da shi a kan kunya. Ƙasar ba ta daidaita ba, sai da na ɗan lanƙwasa gwiwar dama, na buɗa ƙafafun, na ɗaga masa bindigar. Ya tsaya. Ganyen shinkafar da ke bayansa ya fi shi tsawo nesa ba kusa ba.

Taubashina ya juya baya yana kallon kanal, kafaɗunsa suna rawa.

Maƙwabcin ya yi gyaran murya, don mutumin kirki ne. "Wannan samfur ne ko? Babban yana nan zuwa."

Na ji "ana iya cewa" ta taho har bakina. Na haɗiye ta.

"A'a. Shi ke nan. Ba ya korar tsuntsu. Ba ya yin komai. Ajiye shi ake yi a riƙa kallo."

Baba ya tattare rigarsa ya tsuguna. Ya daɗe yana dubansa. Ya sa yatsa ya taɓa hannun, hannun ya sauka ya tsaya inda ya bar shi. Ya mayar da shi sama, ya tsaya. Ya leƙa jan da ke ƙirjin. Sannan ya miƙe ya karkaɗe gwiwarsa, ya ce da taubashina, "Tambaye shi, duk shi ya yi wannan?"

"Injiniya, Kawu ya ce..."

"Guntayen saye na yi. Haɗawa da fenti ni na yi."

Baba ya gyaɗa kai. Ya dubi yamma, inda wani baƙin abu yake tashi yana sauka a kan gonar mutane.

"Tambaye shi wa zai kori tsuntsu."

Wannan ban jira an maimaita mini ba. Na ce, "Ni, Baba."

A ranar muka ja igiyoyi daga kowace kusurwa ta gona zuwa azarar, muka rataya gwangwanaye da tsakuwa a ciki, da farar leda. Aka yi mini 'yar rumfa ta kara a gindinta. Aikin ba shi da wuyar fahimta. Kana wurin kafin gari ya waye, kana nan har rana ta take, ka dawo da la'asar har su tafi kwana. In ka ga sun karkato, ka fizgi igiyar wannan ɓangaren ka yi ihu.

Ihun ne ya ba ni wahala. Ban saba ɗaga murya ba. Na farkon da na yi, mai gonar kusa ya amsa mini da wa alaikumus salam. Taubashina ya tsaya da babur a kan hanya ya ce, "Injiniya, ba izini za ka nema a wajensu ba. Zage su!" Ban zage su ba, amma a hankali muryar ta buɗe, daga baya ta dishe, daga baya ta dawo wata iri. Majajjawa kuwa na gwada ta na ajiye, bayan na jefi gwangwanin da ke bayana.

Jan-baki suna da wayo fiye da yadda aka rubuta a littattafanmu. Suna sabawa da ƙarar gwangwani, sai ka canja yadda kake kaɗawa. In ka ruga gabas su sauka yamma. Ina zargin sun san lokacin salla, ko da yake ba ni da hujja. Taubashina yakan zo ya riƙe mini igiya in yi la'asar, yana gaya wa tsuntsayen su yi haƙuri, ubangidansu yana zuwa. Baba yakan zo duba ruwa, ya zagaya, ya murza zangarniya a tafinsa, ya tafi. Wata rana da ya tafi na ga ƙullin ƙosai a rataye a jikin azarar.

Ban tsare ta duka ba. Fangalin da ke ƙarƙashin gawo, inda suke taruwa kafin su sauka, ya tafi kusan gaba ɗaya. Ranar da na ga farin zangarniyar a wurin na kasa cin abinci. Sauran gonar ta yi tauri, ta yi ja, ta sunkuyar da kai, daga nan tsuntsayen suka rage zuwa. Abin da muka samu bai kai na bara ba, amma an cire iri, abin da ya rage kuma ya kai mu kaka, da ɗan jan hannu wajen awo.

Ranar bugu an shimfiɗa tamfol a bakin gona, ana dukan dami a jikin durom, ni ina gefe ina ɗinke buhu. Wani mai sayen shanshera daga wajen Garun Mallam ya tsaya da motarsa, suka gaisa da Baba, ya ɗebi shinkafar ya tauna.

"Alhaji, an ce kai ne ka kawo mutum-mutumin zamani bana. Yana aiki kuwa?"

"Yana yi," in ji Baba. "Sai dai yana cin tuwo."

"Ina yake?"

Baba ya nuna inda nake da haɓa, bai juyo ba. Mutumin ya dube ni, da hular kaba da baƙar fuska da basilla a hannu, ya fashe da dariya har yana riƙe ƙofar mota.

"To a ba ni hayarsa baɗi mana. Ina da gona a bakin ruwa."

Baba ya sunkuya ya ɗauki wani dami ya miƙa wa mai bugu.

"Ba na haya ba ne," ya ce.

Ban tabbata yabo ne ba. Yana iya yiwuwa nufinsa ban ƙware yadda za a kai ni gonar mutane ba. Na sa basilla na ci gaba da ɗinkin buhun.